Inna Fes da Takardar Firji

Shekara ashirin da bakwai Inna Fes ta yi a kicin ɗin gidan abincin da ke bakin tashar mota, kuma cikin duk waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinta da wuya a samu mutum biyu da za su ce suna sonta. Tsoronta dai ake ji. Sunan ma ba ƙauna ce ta sa aka raɗa mata shi ba. Farar rigar aikinta ce ta jawo mata, don tun safe har a tashi za ta wuni tsakanin mai da miya da hayaƙi, amma ta fito kamar yanzu aka ciro rigar daga guga. Ma'aikata suka ce ai wannan ko datti tsoronta yake ji.

Kowace safiya sai sun jera mata hannuwa kamar 'yan firamare ta duba farce. Ta taɓa korar mai dafa shinkafa saboda ya share gumi da tsumman allon yanka. Ta taɓa juye kaji talatin a shara, mai wurin yana tsaye ya ɗora hannu a ka yana salati, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Maganarta ɗaya ce: "Mutum ne zai ci." Ba ta da wasa, ba ta da sassauci, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta da daɗin zama. Amma in kana neman wurin da za ka kai ɗanka ya ci abinci ka koma gida hankali kwance, to wurinta ne.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta shigo wurin. Mijinta direba ne, ya fita da mota wata safiya aka dawo da shi a kwance, ya bar ta da 'ya'ya biyu da ɗakin haya. Tsohon Maigida, wanda ya kafa gidan abincin, ya ba ta wurin wanke-wanke. Daga nan ta koma yankan albasa, daga albasa ta koma bakin murhu, har aka wayi gari makullan kicin suna hannunta. Karatunta bai wuce aji uku ba, amma lamba ba ta ɓace mata.

Duk shekara duba-gari yakan zo daga ofishin lafiya, ya leƙa ƙarƙashin tebura, ya buɗe firji, ya shinshina kwata. In wuri ya yi, sai a ba shi takarda mai koren hatimi a liƙa a bakin ƙofa. Inna Fes ta karɓi goma sha tara a jere, ba fashi. Duk wadda aka cire don a liƙa sabuwa, sai ta ɗauke ta ta sa a cikin wata jakar leda ta kai gida. Wasu matan gida suka gina, wasu 'ya'yansu suka yi zurfin karatu. Ita babban ɗanta ya tafi neman aiki wata ƙasa, wayarsa ma sai an yi sa'a, ƙaramar kuwa, wadda ake kira Auta, aurenta ya mutu ta dawo ɗakin uwarta da yara biyu. Takardun nan goma sha tara su ne abin da Inna Fes take da shi a duniya, kuma ta san haka.

Idon ya fara ne a hankali. Da farko kamar wani ya dangwala yatsa mai maiƙo a tsakiyar duk abin da ta kalla. Tana ganin ƙofa, tana ganin mutum ya shigo, amma fuskarsa ta shafe. Ta sayi tabarau a kasuwa, bai yi komai ba. Ta saci jiki ranar hutunta ta je asibiti, likita ya haska mata fitila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ciwon suga ne ya taɓa idon, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Ya ba ta takarda. Ta ninke ta huɗu ta cusa a ƙasan akwati, ta ja bakinta ta tsuke. Ko Auta ba ta gaya wa ba.

Kuma abin mamaki, aiki bai tsaya ba. Kicin ɗin yana cikin ƙafafunta: taku goma sha ɗaya daga murhu zuwa firji, taku shida daga firji zuwa allon yanka. Kunnenta yana gaya mata lokacin da mai ya yi zafi, hancinta yana gaya mata kifin jiya da na yau. Duba farce ma ba ta daina ba, sai dai yanzu takan kama hannun mutum ta bi kowane yatsa da babban yatsanta. Ma'aikata suka ce tsufa ya ƙara mata mugunta.

Abu ɗaya ne hanci da kunne ba su iya yi mata. A jikin ƙofar babban firjin akwai takarda da ofishin lafiya ke bayarwa duk wata, mai layi talatin da ɗaya, sirara, kowace rana da layinta. A cikin firjin kuma akwai ma'aunin sanyi mai ƙananan lambobi. Doka ta ce safe da yamma shugaban kicin ya duba ma'aunin ya rubuta abin da ya nuna, ya sa hannu. Huɗu ko ƙasa da huɗu, lafiya. In ya haura, a fitar da nama, a kira mai gyara. Shekara da shekaru ita ke cika takardar nan, ba ta taɓa yarda wani ya taɓa biron ba.

To, me ya hana ta kira Dogo, mai yankan nama, ta ce ya karanta mata? Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Amma da wane baki? Dogon da ta taɓa sa shi ya wanke ƙasan kicin sau uku a gaban mata? Kafin azahar duk tashar ta ji cewa Inna Fes ta makance. Ga shi Tsohon Maigida ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da wurin, yaron da ta sha share wa majina a bayan kantar sayar da abinci, wanda yanzu yake yawan cewa kicin na bukatar sabon jini. Girman kai ne ya hana ta, da tsoro, kuma babu wanda zai iya raba mata su biyun.

Sai ta ƙirƙiro dabararta. Ta buɗe firji, ta kara fuskarta kusa da ma'aunin don masu kallo, ta ɗora damtsenta a kan ƙarfen da ake jera nama ta ƙirga goma. In sanyin ya cije ta, sai ta rufe, ta lalubo da yatsa inda rubutun jiya ya tsaya, ta sauko layi ɗaya ta rubuta huɗu. Shekara biyu tana haka, kuma shekara biyu damtsen bai yaudare ta ba. Har koren hatimi biyu ta ƙara a kai.

Firjin ya tsufa. Ta ji kukansa ya canza, ta gaya wa Ƙaramin Maigida ba sau ɗaya ba.

"Inna, yana sanyi ko ba ya yi?"

"Yana yi, amma numfashinsa ba daidai ba."

"Ai ke kike rubuta takardar. Me ta ce?"

"Huɗu."

"To shi ke nan, Inna. Mu bar shi ya ƙarasa shekara."

Wata ranar Litinin aka tashi da zafi mai tsanani, ga ɗaya daga cikin masu girki bai zo ba. Inna Fes ta tsaya a kan manyan tukwane da kanta tun safe, tururi yana dukan hannuwanta har gwiwa. Daga bakin wutar nan ta taka goma sha ɗaya ta buɗe firji ta ɗora damtse. Ga hannun da ya fito daga tururi, ko ruwan randa ƙanƙara ne. Ta ji sanyi ya cije ta, ta rubuta huɗu. Ta shinshina kajin da aka gyara tun jiya, ba wari. Ta sani sarai cewa abin da ke kwantar da mutum a cikin kaza ba kullum yake wari ba, ita da kanta ta koya wa wasu haka. Amma ranar akwai layin mutane har waje, sai ta ce a ɗora.

Washegari aka kwashi kanikawa shida daga garejin da ke tsallaken titi, da direbobi biyu, aka yi asibiti da su, amai da gudawa. Aka kwashi Baba Mai-agogo ma, tsohon da ke gyaran agogo a rumfar bakin tasha. Shekara goma sha biyar kullum ƙarfe ɗaya yana zaune a teburin jikin taga. Shi kaɗai ne yake iya tsokanarta. Yakan leƙa ta tagar kicin ya ce, "Amaryata, a rage barkono, angon ya tsufa," ita kuma ta ce masa ya je ya gyara haƙoransa tukuna kafin ya yi maganar aure.

Ranar Laraba da hantsi duba-gari ta zo. Sabuwa ce, yarinya, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, mai ladabi, da jaka a kafaɗa da wani ƙarfe mai tsini na auna sanyin nama. Ta gaida kowa, ta wanke hannu, ta rufe gashinta ba tare da an ce mata ba. Inna Fes har ta ji yarinyar ta burge ta. Aka tara ma'aikata goma a kicin, Ƙaramin Maigida yana tsaye a bakin ƙofa yana ta juya makullin mota.

Duba-gari ta buɗe firjin, ta soka ƙarfenta a cinyar kaza, ta duba abin da ya nuna. Sannan ta ciro takardar daga jikin ƙofa.

"Inna, wa ke cika wannan?"

"Ni ce. Ba mai taɓa ta sai ni."

"Yau da safe ma ke kika cika?"

"Ni ce."

"Yau wace rana ce, Inna?"

"Laraba."

"To ya aka yi na ga har kin auna sanyin Alhamis, kin auna na safiyar Juma'a?"

Kicin ya yi tsit, sai ƙarar famfo da wani ya manta bai rufe ba. Nan take Inna Fes ta gane abin da ya faru. Layukan sirara ne, yatsanta kuma ya yi kanta. Sau biyu a cikin watan ya tsallake layi ba ta sani ba, ta yi gaba ta bar ranakun Allah a baya. Wani ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta san muryar Dogo ce.

Duba-gari ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Zo, Inna, ki duba ma'aunin da kanki. Nawa ya nuna?"

Ta taka ta je. Ta sunkuya kamar yadda ta saba. Tana ganin farin abin a gefen idonta, tsakiyarsa kuwa maiƙo ne kawai. A nan ne ya kamata ta faɗa. Da ta ce, 'yar nan, ba na gani, da watakila labarin ya ɗauki wata hanya. Amma tana jin idanu ashirin a bayan wuyanta, na mutanen da ta sa suka jera mata hannu shekara da shekaru.

"Na gani," in ji ta.

"Nawa ne?"

Inna Fes ta ƙara kusantar da fuskarta ga ma'aunin.

"Sha uku ne, Inna. Kin rubuta huɗu."

Inna Fes ta miƙe, ta gyara ɗaurin rigarta. "Rubuta abin da za ki rubuta, 'yar nan."

Yarinyar ta rubuta. Laifi bakwai ta lissafa a rahoton, har da tsagewar tayil da murfin kwata, amma na farko, wanda aka ja wa layi, shi ne cewa shugabar kicin ta ƙirƙiri bayanan sanyi, ta cika ranakun da ba su zo ba. Aka sa cikakken sunanta. Aka nuna mata inda za ta sa hannu, ta sa. Kafin la'asar an ɓare takarda mai koren hatimin daga bakin ƙofa an miƙa mata, an liƙa ja.

Mako uku wurin ya yi a rufe. Ƙaramin Maigida ya biya tara, ya sayi sabon firji mai lambobi manya masu haske da ko daga bakin ƙofa ana karantawa, ya sake fenti, ya sake allon suna. Ana saura kwana biyu a buɗe ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye ledar lemo.

"Inna, ke uwa ce a wurina, Allah ya sani."

"Faɗi abin da ya kawo ka."

"Ofishi sun ce in sunanki yana cikin ma'aikata, duk wata za su riƙa zuwa. Kuma mutane suna magana."

"Sau nawa na ce maka firjin nan ba shi da lafiya?"

"Kin faɗa, Inna. Amma takarda ta ce huɗu."

Abin da ya fi ciwo shi ne yaron bai yi ƙarya ba.

Baba Mai-agogo ya cika a rana ta tara. Kanikawan duk sun tashi, matasa ne, amma shi jikin ya riga ya tsufa, ƙodarsa ta kasa. Inna Fes ta sa mayafi ta tafi unguwarsu don ta yi gaisuwa. Ta kai bakin layin, tana jin muryoyin mutane a ƙofar gidan, sai ta kasa ƙarasawa. Ta tsaya jikin wani kanti har mai kantin ya tambaye ta ko wani abu take nema. Ta juya ta dawo. A hanya ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mijinta, kuma ba ta ji sauƙin komai ba.

Ta fita neman aiki, don zama ba nata ba ne. A da, in an rubuta rahoto a kan mutum, yana can cikin kabad ɗin ofishi ƙura na cinsa. Yanzu kuwa duk mai waya zai iya buga sunan gidan abinci ya karanta komai. Wuri huɗu ta je. A kowanne ana karɓarta da fara'a, a ba ta kujera, sai ta ji mai wurin ya yi shiru yana latsa waya, daga nan murya ta canza. A wuri na huɗu, wani otal, shugabar kicin ɗin wata mata ce da Inna Fes ta taɓa kora saboda ta zo aiki da zobe a yatsa. Matar ta raka ta har bakin ƙofa da ladabi, sannan ta ce, "Af, Inna, don Allah tuna mini, yau Laraba ce ko Juma'a?" Dariyar da ta tashi a bayanta ta bi ta har titi.

Kwana da kwanaki tana juya abin a ranta. Aiki ya tafi, ta haƙura. Amma a ce ita maƙaryaciya ce, a ce ta zauna ta cika takarda don lalaci kamar waɗanda ta wuni tana kora, kuma a bar shi a rubuce inda jikokinta za su girma su karanta, wannan ya hana ta cin abinci. Ta yanke shawara gara a ce mata makauniya. Ta ciro takardar likita daga ƙasan akwati, ta ɗauki jakar ledar nan mai koren hatimi goma sha tara, ta ce wa Auta za ta je dubiya.

A ofishin lafiya ta yi zaman awa uku a benci kafin a shigar da ita wurin babban jami'i. Da ya yi magana ta gane muryar. Shi ne duba-garin da ke zuwa musu shekarun baya, lokacin yana saurayi mai babur.

"Inna Fes! Ke ce? Bismillah, zauna. Wallahi da na ga sunanki a rahoton nan sai da na karanta sau biyu."

Ta zazzage takardun a kan teburinsa. Ya riƙa ɗagawa yana dariya, yana cewa wannan sa hannunsa ne, wannan ma. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Sai ta miƙa masa takardar likita, ta faɗa masa komai, da damtse, da ƙirga goma, da yatsan da ya tsallake layi.

"Ka duba takardar watan, ranka ya daɗe, za ka ga layi biyu a tsakiya babu komai. Mai ƙarya ba zai bar gurbi ba. Ban cika Juma'a da gangan ba. Ban gani ba ne."

Ya sa aka kawo fayil ɗin. Ta ji yana buɗe shafuka. Ya ce, "Haka ne. Ga su nan, ranar tara da ranar sha shida."

"Tun yaushe idon, Inna?"

"Shekara biyu."

Ta ji ya ajiye biro a kan tebur.

"Inna, ina ma ba ki faɗa mini wannan ba."

"Gaskiya ce."

"Na san gaskiya ce, shi ya sa. Rahoton nan cewa ya yi kin ƙirƙiri kwana biyu. Yanzu ke da bakinki kin ce shekara biyu ba ki karanta ma'aunin nan ba ko sau ɗaya. Duk huɗun da kika rubuta safe da yamma, daga ka ne. Kuma sau biyu kin sabunta katin lafiyarki, kin sa hannu cewa ba abin da ke hana ki aikin."

"Ni dai kalmar nan nake so a goge. Ƙirƙira. A rubuta cewa ido ne."

"Ba a gogewa a nan, Inna. Ƙari ake yi."

"To kar ka ƙara. Ka ɗauka ban zo ba."

"Mutum ya mutu a maganar nan. Ga takardar likita a gabana, an rubuta sunanki a littafin baƙi. Ni ma akwai na sama da ni." Muryarsa ta yi rauni. "Ki yafe mini. Katin yana tare da ke?"

Yana tare da ita. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa barin jakarta ba. Ta laluba ta ciro ta ɗora a tebur. Ya tattara mata takardunta masu koren hatimi zai mayar a leda, sai ya tsaya a kan biyun ƙarshe, waɗanda ta samu bayan idon ya fara, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ta gane. Ta ce ya riƙe su duka, ta tashi ta nemi ƙofa.

Bayan kwana biyu Auta ta ga ƙarin da aka yi wa rahoton a waya. Ta shigo ɗaki da gudu ta zube a gaban uwarta.

"Inna, shekara biyu? Muna kwana ɗaki ɗaya? Ni ba 'yarki ba ce?"

"Tashi, yara na kallonki."

"Da kin gaya mini ai da ni zan riƙa zuwa safe da yamma in karanta miki!"

Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba, ko sau ɗaya. Wurin aikin Auta bai fi tafiyar minti goma daga tashar ba.

Daga ranar Auta ta karɓe girkin gida. Ba ta ce komai ba sai, "Inna, ki huta, kin yi naki." In Inna Fes ta nufi murhu, sai a ce an riga an ɗora. In ta ɗauki wuƙa, sai a ce an riga an yanka. Jikokin da suka saba rububin abincinta suka koma cewa, "Kaka, zauna, Mama ta ce kar ki gaji." Ta zauna. Ta rame, ta daina faɗa, kuma gidan da babu faɗanta ya zama kamar gidan wasu.

Wata rana bayan an ci abincin rana ta ce, to, ko wanke-wanke a bar mata, da shi ta fara. Auta ta ce to. Inna Fes ta zauna a bakin famfo ta naɗe hannun riga. Faranti shida, kofi uku, tukunya ɗaya. Ta wanke kowanne ciki da baya, ta bi gefensa da yatsa, ta ɗauraye sau biyu, ta kife su a kwando. Rabon da ta ji jikinta nata ne tun ranar Larabar nan. Ta shiga ɗaki ta kwanta, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.

Ba ta daɗe ba ta ji an buɗe famfo a hankali, siririn ruwa, yadda mutum ke buɗewa in ba ya so a ji. Ta ji ƙaramar jikar ta ce, "Mama, ai Kaka ta wanke," ta ji Auta ta ce, "Shhh." Sai ƙarar faranti a kan faranti.

Inna Fes ta kasa kunne tana ƙirgawa. Ɗaya, biyu, har shida. Kofi uku. Sannan tukunyar, wadda Auta ta daɗe a kanta tana kankarar wani abu a gindi. Ta so ta ji haushi, ta nemi haushin ta rasa, don Auta daidai ta yi. Yara ne za su ci a ciki.

Da aka rufe famfon, Auta ta ɗaga labule ta leƙo. "Inna, kin yi barci?"

Inna Fes ta juya fuskarta bango, ba ta amsa ba.